Babi na Shida: Fad Ya Mutu, Wa Zai Biya?

A gidajen gem na Maradi da Katsina da Kano akwai wata doka da ba a rubuta a bango ba, amma duk yaron da ke shiga ya san da ita: wanda fad ya mutu a hannunsa, shi zai biya. A Maradi manet za ka ji ana cewa, a Kano fad, amma rigimar iri ɗaya ce. Ana tsakiyar buga ƙwallo sai ɗan wasa ya kama gudu gefen hagu shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Mai gida ya karɓi fad, ya jujjuya analog ɗin, ya hura masa iska, ya bubbuga shi a tafin hannu, sannan ya dubi yaron ya ce, "Kai ka kashe shi, tun ɗazu nake kallon yadda kake murza shi." Yaro ya yi ta rantsuwa cewa haka ya same shi. Ƙarshenta a aika a kira yayansa, ko a riƙe masa waya jingina.

Sau da yawa su biyun duk gaskiya suke faɗa. Yaron ya murza, domin wasan da kansa murzawa yake nema. Kuma haka ya same shi, domin fad ɗin ya daɗe da fara mutuwa kafin ya ɗauka. Wanda ya san ranar mutuwarsa tun kafin ya bar masana'anta ba ya cikin rumfar, ba ya cikin garin, ba ya ma cikin nahiyar.

Mu ɗauki Azagor, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakoro, can arewacin jihar Maradi inda gonaki ke raguwa makiyaya ke yawa. Mu ƙaddara wani saurayi a can ya tara kuɗi, ya haɗa faifan sola da batir da talabijin, yana so ya buɗe wurin gem. Dakoro zai nufa ko Maradi, ko ya ba wani mai zuwa Kano saƙo. Abin da zai iso hannunsa ɗaya ne cikin biyu. Ko dai gwanjo ne, irin wanda ake kira ɗan Kwatano: PlayStation da wani yaro ya more a Faransa ko Ingila shekaru da dama, aka loda shi a kwantena, aka sauke a tashar ruwa, ya biyo hanyar Gaya da Dosso da Birnin Ƙonni, ko kuma ya bi ta kasuwar Alaba a Legas ya hau Kano ya tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa. Ko kuwa sabo ne fil a leda, ɗauke da tambarin Sony, amma Sony bai taɓa sanin an ƙera shi ba. A duka biyun babu rasit mai amfani, babu garanti. Kayan sun ratsa hannuwa masu yawa, kuma a kowane hannu alhaki yana ragewa. Aibin ne kawai ke isowa Azagor cikakke.

Ga abin da ke faruwa a cikin fad. Ƙarƙashin kowane analog akwai ƙananan ma'aunai biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. A cikin kowanne akwai siririn layi na gawayin kabon, da ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kansa duk sanda babban yatsa ya motsa. Daga inda harshen ya tsaya a kan layin na'ura ke gane inda kake so ɗan wasa ya nufa. To abin da ake gogawa dole ya ci. Layin ya zaizaye, ɓurɓushinsa ya taru, ƙura ta shiga, ɗan sifirin da ke mayar da analog tsakiya ya yi laushi. Daga nan na'ura ta fara ganin motsi alhali yatsa yana hutawa.

A shekarar 2021, 'yan watanni bayan fitowar PlayStation 5, masu gyara na iFixit a Amurka suka kwance fad ɗinsa mai suna DualSense, suka tarar da analog ƙirar kamfanin ALPS na Japan, irin wanda ake samu a fad-fad na kamfanoni da dama. Takardar mai ƙera shi ta ce an auna shi a kan juyi miliyan 2. Suka ƙirga yawan juyin da mai wasa ke yi a minti ɗaya, lissafi ya ba su awa 417 ko kusa da haka. Kiyasi ne, wani fad zai wuce, wani ba zai kai ba. Amma a duba abin da yake nufi. Yaron da ke wasa awa biyu kullum a ɗakinsa zai kai wannan iyaka cikin wata bakwai. A gidan gem da ake yini ana karɓa-karɓa, a ce awa takwas a rana, kwana hamsin da 'yan kai ne. Mutanen Azagor sun fi kowa sanin wannan: igiyar guga da ta shekara tana goga a bakin rijiya mai zurfi, ranar da ta tsinke, ba wanda ke ja a ranar ne ya cinye ta ba.

Ƙari a kan haka, ba don ƙasarmu aka ƙera kayan ba. Takardar da Sony ke haɗawa da na'urorinsa ta ce a yi amfani da su a yanayin da ke tsakanin digiri 5 da 35. A Dakoro, watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Da hunturu kuma ƙurar da ke shiga har cikin tukunyar da aka rufe ba za ta bar fad ba. Sannan garantin kamfanin, ko ga wanda ya sayi sabo da rasit, ya cire kayan da aka yi sana'a ko haya da su. Wato mai gidan gem ya fita daga inuwar garanti tun ranar da ya karɓi dalar farko daga hannun yaro.

Kamfanonin nan sun saba da amsa guda idan aka kawo ƙara: mai amfani ne ya yi ba daidai ba. Tarihi ya nuna amsar ba kullum take tsayawa ba.

A ƙarshen shekarun 1990 Nintendo ya fitar da wani wasa mai suna Mario Party a na'urarsa Nintendo 64. Wasu sassan wasan suna buƙatar a juya analog da iyakar sauri. Yara ba su daɗe ba suka gano cewa babban yatsa ba ya kai tafin hannu sauri, sai suka ɗora tsakiyar tafi a kai suna murzawa. Hannuwa suka yi bororo, wasu suka saɓule. Kamfanin yana iya cewa bai taɓa umartar kowa ya sa tafin hannu ba, kuma gaskiya ne. Amma a watan Maris na 2000 babban lauyan gwamnatin jihar New York, Eliot Spitzer, ya cimma yarjejeniya da shi: zai ba duk gidan da ya sayi wasan safar hannu kyauta, har guda huɗu, kuma zai biya dalar Amurka 75,000 kuɗin binciken. A wasannin Mario Party da suka biyo baya aka daina irin wannan juyin.

Na Wii, wata na'urar Nintendo, ya fi wannan amo. An fitar da na'urar a watan Nuwamba na 2006, da wani fad mai kama da rimot, wanda ake lilo da shi a iska kamar ana buga ƙwallon tanis. An sa masa 'yar igiya da ake ratayawa a wuyan hannu don kada ya kuɓuce. Hannu ya yi gumi, rimot ya sulɓe, igiyar ta tsinke, ya tafi ya fasa gilashin talabijin ko ya sami wanda ke zaune kusa. Hotunan fasassun talabijin suka cika intanet. Kafin watan Disamba ya ƙare an shigar da ƙara a Amurka, kuma Nintendo ya sanar zai musanya igiyoyi kimanin miliyan 3.2 kyauta, ya ƙara kaurin zaren daga milimita 0.6 zuwa milimita 1. Kamfanin ya dage cewa igiyar farko ba ta da aibi idan an bi ƙa'ida, mutane ne suka zaƙe. A 2007 kuma ya fara raba wata rigar roba mai taushi da ake sa wa rimot ɗin. A ganina musanyar ta fi maganar faɗin gaskiya. Wanda ya ƙera abin wasa ya tallata shi da hoton mutane suna tsalle suna lilo da hannu, ba shi da bakin cewa bai zaci za a yi lilon da ƙarfi ba. Ma'aunin da ya dace shi ne abin da mai hankali zai yi tsammanin mutane za su yi da kayan, ba abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a takardar da ba wanda ke karantawa ba.

Wancan batun rauni ne. Batun mutuwar fad da kansa ya fi tsawo, kuma a nan ne taswira ta fito fili. Nintendo Switch ya fito a watan Maris na 2017, da ƙananan fad-fad da ake kira Joy-Con. Ba a jima ba koke ya yi yawa a kan analog mai tafiya shi kaɗai. A watan Yuli na 2019 aka shigar da ƙarar taron dangi a Amurka, kuma a cikin watan kamfanin ya fara gyara kyauta a can ko da garanti ya ƙare. A watan Yuni na 2020 shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a gaban masu hannun jari. A Faransa ƙungiyar masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai ƙara a watan Satumba na shekarar, tana zargin an ƙera kayan ne da gangan don su mutu da wuri, abin da dokar Faransa ta mayar laifi tun 2015. A Janairun 2021 gamayyar ƙungiyoyin masu saye ta Turai, BEUC, ta kai wa hukumar Tarayyar Turai koke kusan 25,000, ta ce kashi 88 cikin ɗari na waɗannan fad-fad sun lalace ne cikin shekara biyu na farko. Ƙungiyar Which? ta Birtaniya ta sa aka kwance wasu a ɗakin gwaji a 2022, aka ga zaizaya a wurin gogayya, aka kuma ga ƙura ta shige duk da abin da aka sa don tare ta. Ƙurar Ingila ke nan. Sai a watan Afrilu na 2023 hukumar Tarayyar Turai ta sanar cewa Nintendo ya amince zai riƙa gyara kyauta ko bayan garanti.

Amma a ina? A ƙasashen tattalin arzikin Turai, da Birtaniya, da Suwizalan. Fad ɗin da ke Faris da wanda ke Maradi daga masana'anta ɗaya suka fito, da aibi ɗaya. Na Faris ana gyara shi kyauta. Da zarar ya hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, alkawarin ya tsaya a bakin teku. Kada kuma a ɗauka Amurkawa sun ci riba sosai a kotu: yawancin ƙararrakin, har da waɗanda aka kai Sony da Microsoft, sun ci karo da wani sharaɗi da mai saye ya amince da shi ba tare da ya lura ba, ranar da ya kunna na'urar ya danna "na yarda", cewa duk saɓani a wurin mai sasantawa za a kai shi, mutum ɗaya-ɗaya, ba a gaban alƙali ba. Abin da ya motsa kamfanonin shi ne taron murya da hukuma mai haƙori, ba hukuncin kotu ba.

Sai jabu, wanda shi ne mafi yawan abin da talaka ke iya saye. A nan dole a yi wa manyan kamfanoni adalci: ba a tuhumar mutum a kan abin da bai ƙera ba. A 2010 Sony ya fitar da gargaɗi cewa akwai fad-fad na jabu na PlayStation 3 a kasuwa, masu wuyar bambancewa da na asali, waɗanda za su iya kamawa da wuta ko su fashe. Haɗarin daga batir yake. Tun daga wancan zamani fad mara waya na PlayStation yana ɗauke da batirin litiyom a cikinsa, kuma batiri mai arha da ba shi da abin da ke yanke caji idan ya cika, aka bar shi a zafin bazara, a kan wutar janareto mai hawa da sauka, yakan kumbura. Fad ɗin da bayansa ya fara tasowa, ko yake ɗaukar zafi lokacin caji, ba na hurawa a ci gaba da wasa ba ne. Ko na asali ma ba su tsira ba: a 2005 Microsoft ya janye wayoyin wuta na Xbox kimanin miliyan 14 saboda haɗarin gobara, kuma a shekarar Sony ya janye wasu adaftocin siririn PlayStation 2 saboda ɗaukar zafi. An yi sanarwar a ƙasashen da aka sayar da su sababbi. Wanda ya saya a gwanjo bayan shekara goma, ba wanda ya nemo shi ya faɗa masa.

Idan ka mayar wa ɗan kasuwa da mataccen fad, amsar a shirye take: "Ai ba ni na ƙera ba, Alhaji. Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Rabin maganar gaskiya ne, in har ya faɗa maka rariya ce. Matsalar ita ce ya sayar maka da ita da sunan orijina.

Dokokin duniya sun daɗe da yi wa wannan amsa magani. A 1928 a garin Paisley na ƙasar Sikotland, an saya wa wata mata, May Donoghue, kwalbar abin sha na citta, ta sha rabi sannan aka ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi a ciki. Ba ita ta saya ba, don haka ba ta da ciniki da kowa. Duk da haka a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa mai ƙera kaya yana da nauyin kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su a ƙarshe, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Kotunan Najeriya sun gaji wannan hukunci, sun kuma yi aiki da shi, musamman a shari'o'in lemon kwalba. Turai ta ƙara wani mataki a 1985, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da mu: idan kaya suka yi wa mutum rauni, wanda ya shigo da su daga waje ana ɗaukarsa tamkar shi ya ƙera, kuma idan ba a san maƙerin ba, mai sayarwa ne zai amsa, sai fa in ya nuna wanda ya ba shi. Da haka alhaki ba ya ɓacewa a hanya. Kowa a jerin yana da dalilin riƙe sunan na gabansa.

A takarda mu ma ba a bar mu a baya ba. Nijar ta yi dokar kare haƙƙin masu saye a 2015. Najeriya tana da dokar 2018 da ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC, kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Amma wa zai bar dabbobinsa a Azagor, ya biya kuɗin mota zuwa Maradi, ya nemi ofis, a kan abin da kuɗinsa bai kai kuɗin motar ba? Kamfanoni sun san wannan lissafi. 'Yan kasuwa ma sun san shi.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne dokar da malamanmu suke karantarwa a zaure tun kafin a san lantarki. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya a ƙasar Hausa ya ratsa, ta hana ɓoye aibi a ciniki, kuma ta ba wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. A mazhabar kuma masu sana'ar hannu, irin su maɗinki da marini, su ke lamunin kayan da aka ba su aiki suka keɓanta da su. Wannan hukunci bai san da kamfanin da ke Tokiyo ko Kiyoto ba, amma ya kama mai shago a kasuwar Maradi sarai, ya kuma kama mai gyara. Sarkin kasuwa da liman sun isa su yanke shi a zama ɗaya, ba lauya ba kuɗin mota. Abin da ake nema daga mai shago bai da yawa: ya ce wannan gwanjo ne, wannan kwaikwayo ne, ga kwanakin da na ba ka na gwaji. Wasu suna yi, kuma su ne ake komawa wurinsu.

Mai gidan gem ma yana da haƙƙi, kada a ce na zage shi. Akwai yaron da idan aka zura masa ƙwallo a minti na tasa'in sai ya maka fad da ƙasa. Wannan ya biya, babu gardama, kuma shaidarsa a bayyane take: tsagaggen jiki, karyayyen maɓalli, tsinkakkiyar waya. Amma analog mai tafiya shi kaɗai, da maɓallin da robarsa ta gaji, da batirin da ya daina riƙe caji, tsufa ne. Kuɗinsu yana cikin 'yan dalolin da duk yaran suka riƙa biya tun ranar farko, kuma mai sana'a ya kamata ya riƙa ware shi kamar yadda yake ware kuɗin mai.

Wanda a zahiri yake ɗauke da nauyin da kamfani ya sauke shi ne mai gyara. A rumfunan gyaran waya na Maradi, da kasuwar Farm Centre ta Kano, za ka ga saurayi da ƙarfen narka dalma yana ciro analog daga mataccen fad yana dasa wa wani, ya haɗa biyu ko uku ya fitar da ɗaya mai rai. Aikinsa yana sauƙi ko yana wuya ne gwargwadon shawarar da wani injiniya ya yanke a wata ƙasa: a ɗaure da kusoshi ko a manne da gam, a dasa analog a jikin allon ko a yi shi abin cirewa. Kuma maganin gogayyar ba sabo ba ne. Akwai analog mai aiki da maganaɗisu, wanda ba abin da ke taɓa wani a cikinsa, bisa wani abu da Edwin Hall ya gano tun 1879. Sega ya sa irinsa a fad ɗin Dreamcast a 1998. Ƙananan kamfanoni suna sayar da shi yanzu, masu gyara kuma suna dasa shi a tsofaffin fad-fad. Duk da haka Nintendo ya tabbatar cewa bai yi amfani da shi ba a Switch 2 da ya fitar a watan Yuni na 2025.

Sauyin da zai taɓa mu yana zuwa ne ta bayan gida, daga dokokin wasu. A 2023 Microsoft ya fara sayar da kayan gyaran fad-fad ɗinsa kai tsaye ga jama'a. A shekarar kuma Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce daga watan Fabrairu na 2027, ƙananan na'urorin da za a sayar a can dole batirinsu ya zama wanda mai kayan zai iya cirewa ya sauya da kansa. Ba don Dakoro aka yi ta ba. Amma idan aka lura cewa an daina ƙera PlayStation 2 tun wajen 2013 kuma har yau ana buga ƙwallo da shi a rumfunanmu, fad-fad ɗin da aka ƙera a ƙarƙashin wannan doka za su fara isowa kasuwar Maradi cikin kwantenar gwanjo wani lokaci a shekarun 2030.